Jirgin Yaƙi a Ƙasa Yake Mutuwa

A shekarar 1925 abubuwa biyu suka faru, ɗaya yamma da mu, ɗaya gabas. A watan Fabrairu wasu manyan jiragen Faransa guda biyu ƙirar Blériot, masu inji huɗu-huɗu, suka yada zango a Yamai kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. Ranar da za su ci gaba, ɗayan, wanda Vuillemin ke tuƙawa, ko gama rabuwa da ƙasa bai yi ba ya rikito. Mai kula da rediyon jirgin ya rasa ransa, Vuillemin ya ji mummunan rauni, tafiya ta watse a nan. Da ya tashi lafiya, ta saman ƙasarmu Arewa zai ratsa ya nufi Damagaram, kakanninmu su ɗaga kai daga bakin rijiya su ga abin al'ajabi.

Wata tara bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, Arthur Coningham ke jagorantarsu. Ƙirar DH.9A ne, jikinsu katako da zane, kuma an fito da samfurin a 1918 don ya yi wa Jamus ruwan bama-bamai. Yaƙi ya ƙare kafin ya yi wani aikin a-zo-a-gani, sai aka tura irinsa ƙasashen da Ingila ke mulka, ya riƙa tsorata masu taurin kai. Jirgin farko da Bakano ya gani da idonsa ragowar yaƙin wasu ne.

Mu mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, wato ƙasar Arewa ta Nijar, muna tsakanin waɗannan filaye biyu. Shekara ɗari ke nan yanzu, kuma duk wanda ya bi labarin jiragen yaƙi a wannan yanki zai tarar abubuwan nan biyu ne ke ta dawowa. Abin da ya iso mana yawanci gwanjo ne, wani ya gama cin moriyarsa. Ajalinsa kuma sau da yawa a ƙasa yake cimma shi, yana tsaye ko yana rarrafe a titi, babu wanda ya harbo shi.

Arewa ta san wutar Nasara tun kafin jirgi. A Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, garin Sarauniya Mangu, da ƙafa suka zo, bindiga a kafaɗa. Jirgin sama kuwa ya daɗe yana abin labari a wurinmu, har lokacin yaƙin Hitila. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, Najeriya tana hannun Ingila. Iyakar da dangi ke ƙetarawa zuwa biki da ta'aziyya a ƙasar Argungu da Sakkwato ta wayi gari iyakar abokan gaba. Abin da talakan Arewa ya sani na yaƙin shi ne aikin dole, da hatsin da ake karɓewa, da samarin da ake kamawa soja. Da yawa suka sulale kudu. Wanda cin rani ya kai shi Kano a waɗannan shekarun, shi ne ya ga jirage har suka ishe shi.

Dalili shi ne tekun Bahar Rum ya rufe wa Ingila, ga shi tana buƙatar jirage a Masar. Sai aka riƙa ɗauko su cikin akwatunan katako a jirgin ruwa zuwa Takoradi ta Gana, a haɗa su a can, su tashi ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Injamena yau, Fashir, Khartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940. Tsarin shi ne jirgin bama-bamai guda, Blenheim, mai ɗauke da masanin hanya, ya shige gaba, ƙananan Hurricane su biyo shi. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Babban abokin gabarsu a nan ƙura ce da hazon hunturu da zafin rana. Inji sabo ful zai sha yashi kafin ya kai Masar, har sai an kwance shi an gyara tun bai ga fagen fama ba. Wasu sun ɓata cikin hazo, wasu taya ta fashe musu wurin sauka, aka ja su gefe aka cire abin da ke ciruwa. A Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya, Heinkel, ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai da jiragen da ke tsaye. Shi ma a hanyar komawa mansa ya ƙare, ya sauka a hamada, mutanensa suka yi kwanaki cikin ƙishirwa kafin a gano su.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, masu jirage suka rasa yadda za su yi da su. Amurka kaɗai ta ƙera kusan 300,000. Matuƙa sun koma gida, ma'aikatu sun koma ƙera mota da firji, ga jirage masu inji huɗu da babu ɗan kasuwar da zai iya ciyar da su. Aka jere su a dajin Kingman na jihar Arizona, fiffike na gogar fiffike, wasunsu daga ma'aikata kai tsaye aka kawo su, ko bam ɗaya ba su taɓa ɗauka ba. A 1946 aka sayar wa wani kamfani jirage sama da 5,000 da ke wurin a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 3 ba. In ka raba, kowane ya tashi wajen dala 500, alhali B-17 guda ya ci fiye da dala 200,000 wurin ƙira. Wani matuƙin wasan fina-finai, Paul Mantz, ya sayi 475 a kan dala 55,000, man da ya tsiyaye daga tankunansu kawai ya mayar masa da uwar kuɗinsa. Sauran aikin na mahauta ne: a zuƙe mai, a cire inji da bindiga, a sako wani ƙaton faifan ƙarfe daga sama ya datse jiki, a tura gunduwa cikin tanderu, alminiyam ya malalo a zuba shi bulo-bulo. Ingila ma haka ta yi. Cikin Lancaster 7,377 da ta ƙera, biyu ne kaɗai ke iya tashi a yau, ɗaya a Ingila, ɗaya a Kanada. Kaɗan suka tsira ta hanyar sauya sana'a. Kamfanin BOAC ya karɓi Halifax 12, ya sa wa kowane kujeru goma, ya kira su Halton, suka yi ɗan lokaci suna jigilar fasinja zuwa Afirka ta Yamma.

Ta wannan narkakken ƙarfe yaƙin ya shigo mana gida, ta madafa. Uwayenmu a tukunyar ƙasa suka tashi suna dafa tuwo, irin wadda mata maginan tukwane ke ginawa su gasa. Masu binciken tarihin sana'o'i suna kai asalin zubin tukunyar alminiyam ƙasar Senegal, cikin shekarun 1940, lokacin da tarkacen yaƙi ya yawaita a hannun mutane. Daga can almajiran sana'ar suka bazu, Bamako, Yamai, Maraɗi, har kasuwannin ƙauye. Cikin ƙarni guda ko biyu tukunyar ƙasa ta koma ta ruwan sha da jiƙon magani, ta alminiyam ta hau murhu, ta shiga kayan ɗakin amarya, ta zama abin da ake aro ranar biki.

Na taɓa zama gefen wani mai zubin tukwane a bayan kasuwar Dutsi, ina kallon aikin daga farko har ƙarshe. Akwatin katako ne mai ɓari biyu. Ya kifa tsohuwar tukunya a ciki, ya cika da yashi mai ɗan damshi, yana dannawa da diddige har ya kama. Ya zare tukunyar a hankali, siffarta ta zauna cikin yashin, ya barbaɗa toka don kada ɓarin biyu su manne. Can gefe yaronsa na juya wilin keke da hannu, iska na bi ta bututu tana hura gawayi, wani gindin tulun gas da aka yanke yana zaune cikin wuta, farin ƙarfe na narkewa a ciki. Ya kwashe dattin da ya taso sama da dogon cokali, ya kama tulun da awartaki, ya tsiyaya ta wata ƴar kafa. Kafin a gama gaisawa da mai wucewa an fasa yashi, ga tukunya tana tururi, sai gyaran baki da magagari.

Na ce, "Maigida, wane ƙarfe ya fi zubuwa?"

Ya ce, "Malam, fistan mota da kan inji, su ne nama. Gwangwanin lemo kuwa rabinsa kashin maƙera ne, wahalar gawayi kawai."

"To na jirgin sama fa?"

Ya yi dariya. "Wa zai ba ni? Ai kafin ya iso Dutsi ƴan kasuwar Katako ta Yamai sun gama da shi. Kuma an ce tsagewa yake yi."

Gaskiyarsa. Fatar jirgi alminiyam ce da aka gauraya da jan ƙarfe don ta yi ƙarfi, an yi ta ne don a murza ta falle-falle, ba ta son zubi. Abin da ya fi damuna a sana'ar shi ne mai zubi ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙarfen da aka kawo masa. Binciken da aka yi a Kamaru ya sami dalma tana fita daga irin waɗannan tukwane tana shiga abinci, mu kuwa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Wannan magana ce ta wata rana, amma ya kamata hukumar lafiya ta leƙa.

Jiragen da suka tsallake tanderu su ne suka fi yi mana ɓarna. Jirgin yaƙi tsoho ba ya rasa mai saye muddin akwai inda wuta ke ci. Dubi tarihin jirgi ɗaya. Kamfanin Douglas na Amurka ya ƙera shi lokacin yaƙin Hitila, ƙirar Invader, wanda daga baya aka riƙa kira B-26. Ya koma hannun sojan Faransa, wadda ta yi amfani da irinsa a yaƙin Indocin da na Aljeriya. Da Faransa ta gama da shi ta sayar, ya bi hannun dillalai, sai ga shi a Inugu a tsakiyar 1967, a hannun Biyafara mai neman ɓallewa daga Najeriya, an zana masa bakin kifi mai haƙora a hanci. Mai tuƙa shi Jan Zumbach, ɗan ƙasar Folan, shi ma ragowar yaƙin Hitila ne, tsohon matuƙin sojan saman Ingila da ya koma haya. Bama-baman da yake ɗauka ƙirar gida ne. Da wannan jirgi Biyafara ta kai hari Makurɗi, sannan a watan Agusta ta kai hari filin jirgin Kano, daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ke sauke wa gwamnatin Gowon jiragen MiG ana haɗa su a wurin. Filin da ya karɓi jiragen da suka je yaƙar Hitila, shi ne wani jirgin wancan yaƙin ya dawo ya jefa wa bam bayan shekara ashirin da biyu. Da sojan tarayya suka shiga Inugu a farkon Oktoba, a ƙasa suka same shi, an gudu an bar shi.

Ɓangaren tarayya ma gwanjon ya ci. A 1968 aka kawo Ilyushin 28 daga Masar da Aljeriya, samfurin da ya fara tashi tun 1948, matuƙa Misirawa suka riƙa tuƙa su. Sun fi yin suna wurin faɗa wa kasuwanni da asibitoci, abin da har yau ba a manta ba a ƙasar Ibo. A wannan shekarar ce Shugaba Diori Hamani ya karɓi zaman sulhu a Yamai, a watan Yuli, amma wutar ba ta mutu ba sai Janairun 1970. Kafin nan, a Mayun 1969, wani Baswidine mai suna von Rosen ya zo wa Biyafara da ƴan ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar, aka ɗaura musu roka, suka bi ƙasa-ƙasa suka faɗa wa filayen Fatakwal da Benin da Inugu, suka lalata manyan jiragen tarayya suna tsaye. Waɗanda suka rage, bayan yaƙi rashin kayan gyara ya zaunar da su. Ɗaya daga cikin Ilyushin ɗin yana gidan tarihin yaƙi na Umuahia, yara ƴan makaranta na ɗaukar hoto a gindinsa.

Me ya sa ƙasa ke cin jirgi haka? Jirgi an yi shi ne don iska, komai nasa an rage masa nauyi har iyakar abin da zai yiwu. A sama yana da gudu, yana da wurin kaucewa. A ƙasa kuwa tankin mai ne da bama-bamai a kan tayoyi uku, matuƙi ba ya ganin bayansa, fiffike ya miƙe ya fi faɗin titin gari. Mu kuma yanayinmu ya ƙara masa. Da rana ta take a watan Afrilu iska kan yi shara-shara, inji ba ya samun ƙarfinsa, fiffike ba ya samun abin dafawa, jirgi mai kaya sai ya cinye titi bai ɗaga ba. Dabba kan shigo fili: a Yulin 2005 jirgin fasinja na Air France ya afka wa garken shanu a titin Fatakwal. Sai kuma guguwar farkon damina, wadda duk ɗan Arewa ya san yadda take yaye kwano. Ranar 1 ga Yulin 2017 irinta ta faɗa wa sansanin sojan sama na Injamena, ta rusa rumfuna a kan jirage, ta kifar da masu saukar ungulu. Cikin ƴan mintoci ta yi wa sojan saman Cadi ɓarnar da abokan gaba ba su taɓa yi masa ba.

Zama kansa cuta ne ga jirgi. Roba ta bushe ta tsage, mai ya yi kauri a bututu, ɓera ya ci waya, tsuntsu ya yi sheƙa a bakin inji. Akwai wani ɗan siririn bututu a gaban jirgi da ke auna gudu, kaurinsa bai wuce alƙalami ba. Zanzaro na ganinsa sai ya kai laka ya yi ɗaki. Masu bincike sun fi zargin irin wannan a haɗarin wani Boeing 757 da ya faɗa teku a Jamhuriyar Dominika a Fabrairun 1996, bayan ya yi makonni a ajiye, mutum 189 suka halaka. Labarin da ya fi ba ni tausayi shi ne na wani B-29 mai laƙabin Kee Bird. Ya yi saukar dole a kan ƙanƙarar Girinlan a 1947, ya zauna kusan shekara hamsin sanyi na adana shi. Wasu Amurkawa suka kashe dukiya suka kai masa sababbin injuna da farfela, ɗaya daga cikinsu har rashin lafiya ta kashe shi a kan aikin. A Mayun 1995 injuna huɗu suka tashi, jirgi ya fara tafiya a kan ƙanƙara. Wani ɗan tankin mai da aka rataye wa ƙaramin janareto a bayansa ya girgiza ya zuba. Mutanen suka dira da ƙyar, suka tsaya suna kallo ya ƙone ƙurmus.

Hamadarmu ma ta iya ajiya. Wani B-24 na Amurka, Lady Be Good, ya dawo daga harin Naples a Afrilun 1943 cikin dare, ya wuce sansaninsa bai sani ba, ya nutsa cikin hamadar Libiya. Mutanensa tara suka dira da lema, jirgin ya ci gaba shi kaɗai har ya sauka da cikinsa. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango shi. Rediyonsa na aiki, akwai ruwan sha a ciki, wanda masu shi suka mutu suna nema. Shekara goma sha biyar rairayi bai taɓa shi ba. Da mutane suka san wurin, sai aka yi masa abin da ake yi wa mushen giwa, kowa da wuƙarsa, har gwamnatin Libiya ta kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994. A arewacin Cadi kuma akwai Wadi Dum, sansanin da Gaddafi ya gina, wanda sojan Hissène Habré suka ƙwace a Maris 1987 cikin motocin Toyota. Suka tarar da jirage jere a ƙasa, wasu lafiyarsu ƙalau. Libiya ta turo wasu jiragen su jefa wa nata bama-bamai don kada a amfana da su. Nakiyoyin da aka binne kewaye da wurin sun ci gaba da kashe makiyaya da raƙumansu shekaru bayan an sa hannu a kan sulhu.

Masu ƙera jirgi sun tanadi mutuwarsa kamar yadda suka tanadi haihuwarsa, a nan suka bar mu. Tun 1946 Amurka ta ware sansanin Davis-Monthan a Arizona, inda ruwan sama ya yi ƙaranci kuma ƙasa ke da tauri, jirgi ba ya nutsewa. Wanda aka kawo, a cire masa makami, a wanke tanki, a toshe kowace kafa, a fesa masa farin rufi mai mayar da zafi, a rubuta shi a littafi: wannan zai iya komawa aiki, wannan na cire kaya ne, wannan na tanderu. Dubbai ne a wurin har yau. Da aka yi yarjejeniyar rage makamai da Sobiyet a 1991, a nan aka datse B-52 guda 365 da faifan ƙarfe mai nauyin wajen tan 6, aka bar gunduwoyin a fili kwana 90 don tauraron ɗan'adam na Rasha ya ƙirga. Mu kuwa jirginmu in ya tsufa, ja ake yi a kai shi ƙarshen fili, a bar wa ciyawa da zanzaro. Lokacin da Boko Haram ta afka wa sansanin sojan sama na Maiduguri ranar 2 ga Disamban 2013, sanarwar soja ta ce an lalata masu saukar ungulu biyu da wasu jirage uku da aka riga aka daina aiki da su. Tsofaffin sun fi masu rai yawa a lissafin.

Ban ga laifin sayen gwanjo ba, in shi aljihu ya iya. Nijar ta sayi Sukhoi 25 guda biyu daga Yukren a 2013, ragowar zamanin Sobiyet. Amurka ta ba ta C-130 a 2021 daga cikin waɗanda sojanta suka ajiye. A 2022 aka kawo jirage marasa matuƙi daga Turkiyya, su kam sababbi. Laifin yana ga sayen jirgi ba tare da rumfarsa ba, ba makanike, ba kayan gyaran shekara goma, ba shirin ranar da zai tsaya. Hoton ranar karɓa kowa na so ya fito a ciki. Kuɗin rumfa da shinge da horar da yaran da za su riƙe sifana kuwa ba shi da mai tsaya masa, don babu wanda ake yi wa guɗa a kansa. Sojan Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka a 2024, suka bar filaye da gine-gine, har da sansanin Agadas da ya ci sama da dala miliyan 100. Yanzu riƙon namu ne, kuma riƙon ya fi karɓar wuya.

Babban abin da ya sauya a Arewa shi ne jirgin yaƙi ya daina zama labarin ƴan cin rani. Da, yaro in ya ji ƙara a sama, fitowa yake da gudu yana ɗaga hannu. Yanzu tun da rashin tsaro ya kewaye mu, ta wajen Dogon Kiriya da Sukukutan da dazukan iyakar Sakkwato da Kabi, uwa in ta ji ƙarar nan yaranta take ƙirgawa. Manomi a Dallol Mauri ya iya bambance kukan jirgin fasinja da zuzun maras matuƙi. Kuma abin da ke tashi yana zubar da kaya: tankin mai da aka yar, kwanson roka, bam da bai fashe ba. Daren 25 ga Disamban 2025, da Amurka ta harba makamai a jihar Sakkwato, tarkace ya faɗo a gonakin Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal. Gari na wayewa mutane suka cika wurin, wasu suka ɗebi guntaye, har hukumomin soja suka fito suna roƙon a mayar.

Ban yi mamaki ba. Shekara tamanin muna koyon cewa farin ƙarfe kuɗi ne, ɗan jari-bola na yawo da buhu da sikeli har ƙauyen da mota ba ta zuwa, yara na kawo masa abin da suka tsinta yana ba su alewa ko ƴan kuɗi. Wannan tarbiyya ta yi mana amfani lokacin da abin da ake tsinta fistan ne da tsohon kwano. Tsohon makami kuwa ba ya hucewa da shekaru, ƙara saurin fushi yake yi. Ma'ajiyar barikin Ikeja da ta tashi ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rai fiye da 1,000, yawancinsu a cikin magudanar ruwa suka nutse wurin gudu. A Borno sai da gwamnati ta hana sana'ar tsintar ƙarfe a 2023 saboda yawan samarin da ke mutuwa a daji wurin nemansa.

Don haka kirana ga masu gari da limamai da malaman lakwal na Dutsi da Matankari da Kiyeshe da Dankasari, da na Tibiri da Gesheme da Kore Mairuwa da Dumega: a faɗa wa yara da babbar murya, ƙarfen da ya faɗo daga sama ba na ɗauka ba ne, ko da ya yi shekara a gona, ko da ya yi tsatsa. Masu sayen ƙarfe, abin da ba ku san asalinsa ba kada ya hau sikelinku, balle ya kai bakin wutar mai zubi. Hukuma kuma ta sanar a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, wurin da za a kai labari, kuma wanda ya kawo labarin kada a mayar da shi abin tuhuma, in ba haka ba gobe ba mai kawowa. Wanda ya ga irin wannan abu a gonarsa ya sa ƙaya ya kewaye wurin daga nesa, ya kore dabbobi, ya je ya gaya wa mai gari ko jandarma.